Wankin Tankin Maganin Shanu

Aikin da na fi daɗewa ina yi a rayuwata shi ne wankin tanki. Idan na faɗi haka mutane sukan ɗauka tankin ruwa nake nufi, irin wanda ake ɗorawa a kan gini. A'a, tankin haɗa magani ne, na ƙarfe, ya fi ni tsawo, yana tsaye cikin wata rumfar kwano a bayan garin Kalgo. Mai wurin wani Alhaji ne mai sayar da maganin dabbobi, ya san mahaifina tun suna fataucin albasa tare. Shi ya ɗauko ni daga Gwandu a ƙarshen shekarun 1980, ina sabon ango, ba ni da abin yi sai noman damina, karatun bokona kuma ya tsaya a firamare.

Magani iri biyu ake haɗawa a tankin nan. Akwai na kaska, wanda ake wanke jikin saniya da shi, mai wari, mai sa ruwa ya yi fari kamar madara. Guba ne, ko a hannu ya daɗe sai fata ta yi zafi. Akwai kuma na tsutsar ciki, wanda ake ɗura wa dabba a baki. Alhaji yakan sayo su masu ƙarfi a cikin duro, a zuba a tanki, a ƙara ruwa, a tayar da janareta, farfelar da ke tsakiyar tankin ta yi ta juyawa har su haɗu, sannan a ɗura a kwalabe. Tanki ɗaya gare mu. Saboda haka duk lokacin da aka gama na kaska za a koma na sha, sai an wanke. Ni ne mai wankin.

Tankin a rufe yake ta sama, bakinsa ƙarami ne, kai da kafaɗa ɗaya kawai ke shiga. Ba halin mutum ya sauka ciki da soso. Abin da ake yi shi ne a zuba ruwa da garin sabulu, a kunna farfela, ruwan ya wanke da kansa, a buɗe famfon ƙasa ya fita zuwa wani rami da muka haƙa nesa da rijiya.

Dole in faɗi halina, don sai da shi za a gane sauran. Ni mutum ne mai waswasi tun ina ƙarami. Nakan kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. Alwala kuwa, sau da yawa liman yakan kai ruku'u ina tsugune da buta. Ban ɗauki wannan abin alfahari ba, amma ban kuma ɗauke shi abin kunya ba. Haka Allah ya yi ni. A kan tanki kuma ina da dalili na musamman. Matata 'yar Fulanin da suka zauna kusa da Malisa ce, kuma mahaifinta, wanda nake kira Baffa, ya daina sayen maganin kowa tun da ya ji ina aiki a wurin Alhaji. Yakan gaya wa 'yan'uwansa a ruga cewa mijin ɗiyarsa ne ke wanke tukunyar, don haka ba abin tsoro. Duk lokacin da na tsaya a kan tsani ina leƙa bakin tankin, maruƙan Baffa nake gani.

Ba wanda ya koya mini wankin. Da abin da na sani na yi aiki, abin da na sani kuwa shi ne babin tsarki da na karanta a zauren malaminmu a Gwandu. Abu biyu na riƙe. Na farko, ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su canja ba. Na biyu, ruwa mai yawa ya fi ƙarfin ƙazanta kaɗan. Sai na ce, to, ai magana ta ƙare. In cika tankin har wuya, yadda duk abin da ya rage zai nutse cikin yawan ruwa, in juya, in zubar, in tara kwano a famfo in duba, in shinshina. Ɗanɗanawa ce kawai ba na yi.

Matsalar ita ce hancina ba ya yarda da ni. Idan na shinshina na ji ba wari, sai in ce wataƙila hancin ne ya saba. In sake cikawa. In na zubar, sai in tuna ban lura da kyau ba ko ruwan ya kai wuya. In sake. Wankin da ya kamata a gama kafin hantsi yakan kai ni la'asar, wani lokaci ya kwana. Rijiya ɗaya muke sha da mutanen unguwar, kuma da bazara ƙasa take yi sosai. Matan unguwa suka fara aiko mazajensu wurin Alhaji.

Akwai wani dattijo mai ɗura kwalabe, Bakabe ne, tsohon masunci da ciwon baya ya raba da jirgi. Sai na gama yake samun aiki, don haka yakan zauna a kan duro yana kallona.

“Liman,” haka yake kirana, “wanga tanki Makka za shi ne?”

“Baba, bari in ƙara ɗaya.”

“Ƙara goma. Ni dai na ga an yi wa gawa wanka, ba ta sha ruwa haka ba.”

Mukan yi dariya, amma ni hannuna yana kan guga.

Alhaji mutum ne mai haƙuri, ya yi shekaru yana jurewa. Haƙurin ya ƙare masa ne bayan an ba mu jihar Kebbi, kasuwa ta buɗe, masu saye suka yi yawa. Wata rana gab da faɗuwar damina, lokacin da makiyaya ke rububin maganin tsutsa, mota ta zo daga wajen Bunza ta koma ba kaya saboda ina kan wanki. Alhaji ya kira ni gindin darbejiyar da yake zama.

“Ɗana,” ya ce, “ubanka abokina ne, shi ya sa nake ta yin shiru. Amma ba ni iya riƙe mai wankin da ba shi ƙarewa. Ƙanena na nan tahe da Salla. Shi aikinshi ke nan, tankuna. Abin da duk ya ce shi za a yi. In ka iya tsayawa inda ya ce a tsaya, kana nan. In ba ka iyawa, ka koma gida da mutuncinka, in sa wani.”

Na ce, “Na ji, ranka ya daɗe.”

Abin da ya fi damuna ba rasa aikin kaɗai ba ne, ko da yake a lokacin muna da ɗiya biyu. Na san wanda zai sa a madadina zai watsa ruwa sau ɗaya ya ce ya gama, Baffa kuma zai ci gaba da saye.

Ƙanen Alhaji injiniya ne a wani babban kamfani a Kaduna. Na zaci zan ga mai girman kai, sai na ga mutum siriri mai yawan tambaya. Ranar da ya zo rumfar, ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusa, ya hau tsani da kansa. Ya auna tsawon tankin da faɗinsa, ya zura sanda ya auna nisan farfela daga ƙasa, ya sa aka kunna ya tsaya yana kallon agogo. Sannan ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na cika har wuya. Ya leƙa ya daɗe.

“Mi ya sa kake cika shi haka?”

Na gaya masa maganar ruwa mai yawa. Bai yi dariya ba. Ya ce a wurin aikinsu suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta, wadda in aka ba ta awon tanki da gudun farfela za ta lissafa yadda ruwa ke yawo a ciki. Na tambaye shi ko za a kai mata tankin ne. Ya ce a'a, a cikin lissafi take gina nata. Za ta yanka cikin tankin ƙanana-ƙanana kamar yadda mai lambu ke yanka fangalin albasa, ta bi kowane ɗaya ta ga ruwan da ya shiga da wanda ya fita, da inda ya nufa. Wannan na gane shi sarai, don na yi ban ruwa a fadama, na san akwai fangalin da ruwa ke wucewa ta gefensa ya bar shi da ƙishi.

Ya tafi, ya yi makonni, ya dawo da takarda biyu. A kowace an zana tankinmu kamar an tsaga shi biyu, cikinsa cike da 'yan kibiyoyi. Ya ce doguwar kibiya tana nufin ruwa na gudu a wurin, gajeruwa kuma yana tafiya a hankali. Inda babu kibiya sai ɗigo, ruwan yana zaune ne kawai.

Takarda ta farko ita ce tankin a cike, irin wankina. Kusa da farfela kibiyoyi dogaye ne. Amma can ƙasa, inda bango ya haɗu da gindi, ɗigo ne zalla, haka ma can sama ƙarƙashin murfi. Ya ce idan tanki ya cika, farfelar nan ƙarama ce, ba ta iya tayar da ruwan duka. Sai ya riƙa zagayawa gaba ɗaya kamar jaki a turke, ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya dukan bango. Abin da ya manne a kusurwa yana nan, ruwa mai tsabta na wucewa ta samansa, ya fito mini a kwano garau.

“Yallaɓai,” na ce, “kana nufin duk cikawar da nake yi banza ce?”

“Ba banza ba. Tana rage shi, shi ya sa ba ku taɓa jin ɓarna ba. Amma kana kashe rijiya guda a kan abin da ruwa kaɗan zai yi fiye da haka.”

Takarda ta biyu kuwa ruwan bai wuce saman farfela da yawa ba, kuma an zura wani faffaɗan ƙarfe a tsaye a gefe. A nan kibiyoyi sun hargitse, sun shiga har kusurwa. Ya ce ƙarfen shi ke karya zagayen, ruwan ya rasa hanya ya yi ta dukan ko'ina. A zuba kaɗan, a kunna, a kashe, a sake kunnawa, a zubar. A maimaita haka sau uku. Saman kuma a fesa shi da tiyo ta baki.

Na karɓi takardun da hannu biyu, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Ruwa kaɗan ya fi ruwa mai yawa wanki? Wannan ya saɓa wa duk abin da na taso a kai. Kuma na'urar nan ba ta taɓa ganin tankinmu ba, ba ta taɓa jin warin maganin kaska ba.

Ranar Alhamis na shiga bas ta Birnin Kebbi na tafi gida. Da safiyar Juma'a na je zauren malaminmu, ya tsufa sosai a lokacin, yana zaune a kan buzu yana gyaran alƙalami. Na zayyana masa komai, har da kibiyoyin.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Kai dai har yanzu kana nan yadda na san ka.”

“Allah ya gafarta Malam, ai ku kuka karantar da mu hukuncin ruwa.”

“Mun karantar da ku ruwan da za ku yi salla da shi. Yaushe munka karantar da ku ruwan da maraƙi zai sha? Wancan sauƙi ne Allah ya yi wa bayinsa don kada ibada ta yi musu nauyi. Guba kuwa ba ta san an yi sauƙi ba. Ka ɗauki hukuncin wani wuri ka kai wani wuri.” Ya ɗaga alƙalamin ya duba bakinsa. “Kuma ruwan mutane da kake zubarwa, shi ba ka yi waswasi a kanshi ba?”

Wannan tambayar ta shige ni, don gaskiya ban taɓa sa shi a lissafi ba. Na ce to yanzu in yarda da na'ura ke nan? Ya ce shi bai san na'ura ba, amma abin da ido zai iya gani ba a tsayawa gardama a kansa. In je in gani.

Da na koma Kalgo na gaya wa Injiniya cewa ina son in gani da idona. Na yi zaton zai ji haushi, sai ya ce ai su ma ba sa yarda da na'urar sai sun gwada. A wurinsu akwai wani ruwa mai launi da suke fesawa a cikin tanki, a wanke, a duba inda ya rage, amma babu shi a nan. Muka zauna muna tunanin abin da zai maye gurbinsa. Dattijon nan mai kwalabe ne ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ku dama kullun koko da bula mana. In ya bushe a kwano, matata sai ta yi ta zagi kafin shi fita.”

Haka muka yi. Aka dama kullu tsararo, aka zuba bula irin ta wankin fararen kaya har ya yi shuɗi sosai. Na zuba a sabon famfon feshi na gona, na zura hannu ta bakin tankin na fesa ko'ina, muka bar shi ya sha iska. Injiniya ya kwance madubin babur ɗin Alhaji ya ɗaure a gora, muka haɗa da tocila.

Aka fara da wankina. Na cika har wuya, na juya, na zubar, na sake, na sake. Ruwan ƙarshe ya fito a kwano fari tas, ba launi ba wari. A da, a nan ne zan fara gardama da hancina. Na hau tsani, na zura madubin, na haska.

Bango ya fita fes. Amma a ƙasa, daidai inda bango ya haɗu da gindi, ga wani zobe shuɗi ya zagaye tankin kamar an ja shi da alli. Na juya madubin sama, ga shi nan ma ƙarƙashin murfi, dabbare-dabbare. Wuraren ɗigon nan na takarda ne, ba kuskure. Na daɗe a kan tsanin. Abin mamaki, ba tsoro na ji ba. Shekaru ina jin akwai abin da ya rage, ana ce mini waswasi ne, ni ma ina ce wa kaina haka, amma ban san inda yake ba, shi ya sa nake ta ƙara ruwa a makance. Yau ga shi a madubi, yana da wuri, yana da iyaka.

Mai walda ya yanko mana ƙarfen, aka yi masa maƙali a bakin tanki. Muka sake fesa kullu, muka bi hanyar takarda ta biyu. Ƙarar ma daban ce. Da, ruwan shuuu yake yi a hankali, yanzu kuwa sai ka ji kamar ana faɗa a ciki. Da muka duba, zoben ya tafi, saman ya fita. Saura wuri ɗaya, wani ɗan lungu a bakin famfon ƙasa, inda bututun ya ɗan shigo ciki. Injiniya ya karɓi gorar ya duba, ya yi tsaki, ya ce laifinsa ne, bai ba na'urar awon bututun ba, ita kuwa abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Muka gano in an kwance famfon ana iya zura buroshin kwalba ta waje a goge wurin. Muka gwada har sai da madubi ya nuna ƙarfe zalla ko'ina. Washegari Injiniya ya koma Kaduna.

Gwajin gaskiya ya zo bayan 'yan kwanaki. An gama haɗa na kaska da yamma, ga masu jiran na tsutsa, har da mutanen rugar su Baffa da suka aiko. Da sassafe na fara. Alhaji bai je kasuwa ba ranar, ya sa aka kawo masa kujera bakin rumfa, yana jan carbi kamar ba ni yake kallo ba.

Na maƙala ƙarfen. Na zuba ruwa da sabulu daidai alamar awon ruwa da muka yi wa gora, na kunna, na kashe, na kunna, na zubar. Na fesa sama. Na yi na biyu, na yi na uku da ruwa zalla. Na kwance famfo na goge lungun, na mayar. Na zura madubi na bi kusurwa a hankali, na bi ƙarƙashin murfi, na duba bayan farfela. Rana ko zafi ba ta fara ba.

Ba zan ɓoye ba, da na sauko ƙafata ta nufi rijiya da kanta. Muryar nan da na sani ta ce, ƙara ɗaya, me zai rage ka da shi? Na tsaya riƙe da igiyar guga. Sai na tambayi kaina, in na ƙara, ina zan wanke? Na bi wuraren ɗaya bayan ɗaya a raina, kowanne na gan shi da idona yanzun nan. Babu wurin da zan aika ruwan. Na ajiye igiyar.

Dattijon yana kan duronsa yana kallona.

Alhaji ya ce, “Ɗana, ka ƙare?”

“Na ƙare, ranka ya daɗe.”

“Ka tabbata? In an zuba magani ba a kwashewa.”

“A zuba.”

Ya ɗaga hannu aka mirgino duron maganin tsutsa. Ni da kaina na riƙe mazurari. Kafin azahar kwalabe sun cika, mota ta ɗauka.

Da Alhaji zai tafi masallaci ya tsaya kusa da ni yana gyara hula, ya ce jibi akwai wani haɗin na kaska, bayansa kuma na sha, in shirya. Ya ƙara da cewa in nemi madubina, don shi yana son na babur ɗinsa.